Wane hukunci ya kamata a rubuta wa masu cin hanci da cin dukiyar ƙasa?

Ɗan Zango:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, masu ilimin doka da malamai da duk wanda abin ke damunshi ya sa baki. Tunda yanzu kowa maganar gyaran ƙasa yake da sake dokoki, ni abin da nake son ji shi ne wane hukunci ya kamata a rubuta wa mai cin hanci da mai cin dukiyar gwamnati, kuma yaya za a rubuta shi ta yadda babban mutum ba zai samu kafar sulalewa ba.

Don in hukumar yaƙi da cin hanci ce wallahi nan Nijar ba mu rasa ba. Tun taron ƙasa na 1991 aka kafa kwamitin binciken laifuka, a 2011 aka kawo hukumar HALCIA, muka ji shirin kama masu cin dukiyar ƙasa da ake ce wa Mai Bulala zamanin shugaba Issoufou, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka kafa wata hukumar, COLDEFF. Kamu ana yi, za ka ji a rediyo an kama wane da wane, a yi sati ana zancen a fada ana shan shayi, daga nan sai ka ji tsit, in ka sake jin labari to ko an ba mutum sakin talala ko an ce ya maido wani abu daga ciki an rufe dosiye. Ku tuna badaƙalar MEBA, wato ma'aikatar ilimin firamare, ta 2006, kuɗin lakwal na ƴaƴan talakawa wajen sefa miliyar 4, ministoci biyu suka shiga kaso, ita ce ma ta kai majalisa ta kada gwamnatin Hama Amadou a 2007, amma daga baya ministocin sakin talala aka ba su. Ga ta ma'aikatar tsaro a 2020, bincike ya nuna miliyar 76 wajen sayen makamai da kayan soja, a daidai lokacin da muke makokin sojojinmu da aka kashe a Inates da Cinagodar. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris su ne suka yi watanni a kaso, ƙarshenta gwamnati ta yi sulhu da ƴan kwangilar ta janye daga neman haƙƙinta a kotu.

Nan Damagaram kuwa kowa ya san su wa ke cika gidan kaso, yaran da suka saci waya ko akuya ne, da yawansu ma ba a yanke masu hukunci ba jira suke.

To me za a yi? Kisa kamar yadda matasa ke faɗa? Dogon ɗauri? Ko a bar mutum ya maido kuɗi ya tafi gida tunda ƙasa kuɗin take buƙata? Kuma shi mai bayarwa, irin ni da kai da ake matsa wa a biro ko a kan hanya, hukuncinmu ɗaya da mai karɓa?

Na Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Ni dai ba ni da wani dogon turanci, a kashe su. Wanda ya ci kuɗin makamai ya bar soja da bindigar da ba ta tashi ai kisa ya yi, wanda ya ci kuɗin magani mace ta mutu wajen haihuwa kisa ya yi, wanda ya ci kuɗin ruwa mu nan muna bin ƴan garuwa cikin zafin watan Afrilu shi ma ba shi da maraba da su. A ƙasar Sin a 2021 sun kashe Lai Xiaomin shugaban wani babban kamfanin kuɗi na gwamnati saboda hancin da ya kusa yuwan miliyar 2, ba su duba girmanshi ba. Iyayenmu har gobe suna ba da labarin zamanin shugaba Seyni Kountché yadda ma'aikaci ke tsoron taɓa dala ɗaya ta gwamnati don shugaban ƙasa na iya faɗo maka biro ba sanarwa. Tsoro ne ya fita daga zukatan mutane. A yi wa mutum uku a bainar jama'a ku ga in sauran ba su shiga taitayinsu ba.

Tsohon Ma'aikacin Kotu:

Ɗana na Garin Malam, na fahimci zafin da ke ranka kuma ba zan ce ba ka da hujja ba, amma bari in gaya maka abin da zai faru in aka rubuta kisa. Hukuncin kisa yana nan cikin dokokin Nijar, a 2010 ma an kawo maganar soke shi majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya ta ƙi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976. Wato za mu rubuta abin da mun san ba za a aikata ba, shi ma ɓarawon ya sani. Sannan alƙali mutum ne, in doka ta ce mishi ko kisa ko saki, kuma hujjar takardu ce mai rikitarwa irin ta kwangila, zai karkata wajen saki. Na uku kuma wanda mutane ba su lura da shi, manyan ɓarayi ba nan suke ajiye kuɗin ba kuma ba nan suke tsayawa ba in ta ɓaci, ƙasashen Turai kuwa ba su miƙa mutum ga ƙasar da za ta iya kashe shi. Sai ka rasa mutumin ka rasa kuɗin. Sin ɗin ma da kake faɗa duk shekara dubban jami'ai suke hukuntawa, abin bai ƙare ba.

Ɗan Zango, ga inda ni nake ganin gyaran yake. Kundin laifukan da aka yi mana a 1961, an yi mishi babban gyara a 2003, a lokacin aka ce mai karɓar hanci ɗaurin shekara 2 zuwa ƙasa da 10 da tarar jaka 50 zuwa miliyan 1. Shekarun ba su yi kaɗan ba in da ana yin su. Tarar ce abin takaici, don wanda ya karɓi miliyan 300 a kan kwangilar gini miliyan 1 ba ta kai abin da yake kashewa a bikin ɗiyarshi ba. Bai kamata tara ta zama tsayayyen adadi ba, a ɗaura ta a kan abin da aka ci, ninki biyu ko uku, ta yadda duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga in an kama shi ko bayan shekara goma ne asara zai yi. Yanzu lissafin riba yake ba su, shi ya sa.

Sai maganar sassauci, wadda ita ce babbar kafar. Doka ta ba alƙali dama ya sauko ƙasa da mafi ƙarancin hukunci in ya ga dalilin tausayawa, kuma ya iya yin abin da muke ce wa sursi, wato an yanke maka shekaru amma ba za ka kwana a kaso ba sai in ka sake. An yi wannan ne don yaron da ya yi kuskuren farko, amma wa ke cin moriyarshi? Mai aboka uku, wato lauyoyi, da takardar likita. Ni a ganina a yi matakala a cikin dokar kanta, kada a bar wa alƙali shi kaɗai ya auna. A duba nawa aka ci, a duba kujerar da mutum yake kai, a duba kuɗin me ne. Masinjan da ya karɓi jaka biyu don ya gaggauta takarda laifi ya yi, a hore shi, a rage mishi girma ko a kore shi in ya maimaita, amma kai shi kaso shekara biyu ba adalci ba ne kuma cika gidan kaso ne kawai. Darakta ko minista ko alƙali ko babban hafsa da ya ci, musamman in kuɗin asibiti ne ko lakwal ko tsaro ko cimakar da aka kawo wa masu yunwa, wannan a rubuta ƙarara babu sursi, babu saukowa ƙasa da kaza. Girman kujera ya zama abin da ke ƙara nauyin hukunci. Yanzu a aikace shi ke rage shi.

Maido kuɗi kuwa, dole ne, amma kada ya zama shi ne hukuncin. Kamaru ta kafa kotu ta musamman a 2011 ta sa a doka cewa in ka maido abin da ka ci ana iya dakatar da tuhuma, to me ka gaya wa ma'aikaci ke nan? Ka ci, in ba a gane ba naka ne, in an gane ka mayar, ka ci bashi ne ba ruwa. Nan maƙwabta Najeriya a 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifi a badaƙalar kuɗin fanshon ƴan sanda ta fiye da naira biliyan 20, alƙali ya ce shekara 2 ko tarar naira dubu 750, ya biya nan take ya shiga mota ya tafi, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 6 da tara mai nauyi. Abin da ya dace, wanda ya maido da kanshi kafin a fara bincike kuma ya tona abokan cin nashi a rage mishi sosai, wanda ya maido bayan an kama shi a rage mishi kaɗan, wanda ya ɓoye a ƙara. Amma kowannensu a kai shi gaban alƙali a bainar jama'a a karanta laifinshi da sunanshi, ba a yi ciniki a ɗaki ba.

A ƙwace dukiya har wadda aka sa da sunan mata da ƴaƴa da yaran gida. Wannan ma ba sabon abu ba ne, tun 1992 muna da dokar arzikin haram wadda ta ce in dukiyarka ta wuce abin da albashinka zai iya bayani to kai za ka faɗi inda ka samo. Tana nan kwance. Kuma a haramta wa mutum riƙe muƙami ko tsayawa takara ko samun kwangilar gwamnati, babba har abada, ƙarami na wasu shekaru, don ni na fi ganin ƴan siyasarmu na tsoron wannan fiye da kaso, kaso ai wasu da shi suke yaƙin neman zaɓe.

Abu biyu na ƙarshe. Wa'adin da laifi ke mutuwa in ba a gurfanar da mutum ba, a cire shi ga irin wannan laifin kamar yadda Ruwanda ta yi a 2018, tunda mai mulki ba ya bari a bincike shi sai ya sauka, kafin nan wa'adi ya cika. Sai afuwar shugaban ƙasa. A Najeriya tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame kotu ta ɗaure su bayan shari'ar da ta ci fiye da shekara goma, a 2022 aka yi masu afuwa. A Senegal Karim Wade, tsohon minista kuma ɗan tsohon shugaban ƙasa, shekara 6 aka yanke mishi a 2015, a 2016 ya fita da afuwa. In ba a toshe wannan ba duk wahalar masu bincike ta tafi a banza.

Hajiya Mai Atamfa:

Baba tsohon ma'aikaci Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma tambayar Ɗan Zango ta ƙarshe ba ku taɓa ta ba kuma ita ce ta fi shafarmu mu ƴan kasuwa. Doka ta ce mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne, to ni da na ɗauko kaya da takarduna cikakku na biya duk abin da gwamnati ta ce, a tsare ni a hanya a ce sai an sauke kaya kaf an ƙirga ga rana ga fasinja na zagina, kuma na san jaka biyu ce za ta raba mu, in na bayar na zama mai laifi daidai da wanda ya tsare ni? Na taɓa kai ƙanwata wani asibiti cikin dare tana naƙuda aka ce babu gado, wata mata a bakin ƙofa ta raɗa min cewa in sa wani abu cikin katin, na sa, gado ya samu. Wallahi ko gobe aka maimaita zan sa, don ba zan tsaya ina gardamar doka ƴar uwata na zubar da jini ba.

In dai ana son mutane su yi magana sai an raba wanda ya bayar don a ba shi haƙƙinshi da wanda ya bayar don ya ci haƙƙin wani. Ɗan kwangilar da ya kai wa darakta jakar kuɗi don a ba shi aikin da bai cancanta ba ya gina aji ya rushe a damina ta farko, wannan a haɗa su a ɗaure tare har kamfanin a rufe. Amma wanda aka matsa wa, doka ta ce in ya kai ƙara cikin kwanaki kaza ba abin da za a yi mishi kuma a ɓoye sunanshi. Yanzu wa zai kai ƙarar da shi ma za ta cinye shi? Shi ya sa kowa ya yi gum, mai karɓa kuma ya san ba za ka faɗa ba.

Inda ban yarda da ku ba Baba shi ne maganar ƙwace abin da ke da sunan mata. Akwai matar da gadon ubanta ne ko sana'arta ta yi ta sayi filinta tun kafin mijin ya samu muƙami, kada a zo a kwashe a bar ta da yara a titi saboda laifin da ba ta san an yi ba. A bincika tukuna.

Tsohon Ma'aikacin Kotu:

Hajiya gaskiyarki a duka biyun. Abin da matar ta mallaka da guminta ko gadonta ba a taɓa shi, alƙali ne zai duba yaushe aka saya da kuɗin wa, ita kuma a ba ta dama ta kawo shaidunta. Wanda nake nufi shi ne gidan bene da aka rubuta da sunan yaro ɗan shekara tara wata shida bayan uban ya hau kujera. Kariyar mai kai ƙara kuwa in babu ita duk sauran abin da na lissafa ba zai motsa ba, don hanci ba ya barin gawa ko ƙofar da aka fasa, mutum biyu ne suka sani, dole ɗaya ya yi magana.

Direban Hanyar Magarya:

Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Yaron da ke tsaye a shinge cikin rana ba shi kaɗai ke cin abin da ya tara ba, kowa a tasha ya san akwai rabon na sama, wani wurin ma sai ka biya kafin a tura ka can. In kuka ɗaure yaron kuka bar wanda ke karɓar rabonshi da yamma to gobe wani yaron za a kawo. A sa a doka cewa shugaban da aka kama yaranshi suna karɓa a kai a kai shi ma ya amsa tambaya, in kuma an gano yana da rabo hukuncinshi ya ninka na yaron. Kuma duk tarar da za a ci mu a hanya a ba mu takardar shaida mai lamba, in na yi laifi na yarda in biya gwamnati, abin da ke ƙona min rai in biya kuma kuɗin bai je ko'ina ba.

Malam Na Birni:

Assalamu alaikum. Bari in ɗan faɗi ɓangaren addini tunda an nemi malamai su sa baki. Rashawa babban zunubi ce, hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Amma malamai da yawa sun yi bayanin abin da Hajiya ta faɗa, wanda aka tilasta wa ya bayar don ya karɓi haƙƙinshi ko ya kauce wa zalunci kuma ba shi da wata hanya, zunubin na kan mai karɓa. Don haka raba su a doka bai saɓa wa shari'a ba.

Ita rashawa da cin dukiyar baitulmali ba su da haddi ƙayyadadde, suna babin ta'aziri ne, wato shugaba da alƙali su auna abin da zai tsawatar gwargwadon girman ɓarnar da matsayin mai laifin. Matakalar da Baba ya kawo ke nan, fiƙihu ya san ta. Kuma akwai ƙissar mutumin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama gidan uwarshi da ubanshi ya ga ko za a kawo mishi kyautar. To duk ragon sallah da buhun shinkafa da ake kai wa mai kujera saboda kujerarshi ya shiga nan, ya kamata dokar ta faɗi iyakar kyautar da ma'aikaci zai iya karɓa, abin da ya wuce ya zama na gwamnati. Sayyidina Umar ma yana rubuta dukiyar gwamnoninshi lokacin naɗa su, in ya ga ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ya mayar baitulmali.

Ɗana na Garin Malam, jini abu ne mai nauyi, a ƙasar da ake iya sayen shaida kuma ake iya ƙulla wa abokin hamayya sharri ina tsoron ranar da za a kashe wanda bai ci ba. Kaso ana iya buɗewa a fito da mutum a ba shi haƙuri.

Sannan mu malamai da masu unguwa akwai namu. Mutum ya fito daga kaso kan kuɗin jama'a a tarbe shi da ganga, ya ba da siminti a masallaci a sa shi sahun gaba ana yi mishi addu'a da lasifika. Tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar masu da abinsu, Hajji da Umra ba su wanke shi, wannan ya kamata mu riƙa faɗa a huɗuba ko da mai ginin masallacin na zaune.

Ɗan Zango:

Na gode ƙwarai, wallahi na samu fiye da abin da na nema. Amma Baba ga abin da ya rage min a rai. Duk wannan tsarin mai kyau wa zai aiwatar? Don mun ga yadda ake yi, in kana tare da masu mulki dosiyenka ya yi barci, ranar da ka ɓata da su a tashe shi, wanda ke adawa kuma in ya sauya sheƙa sai a manta da nashi. Ina tsoron in an tsananta hukunci ya zama an ƙara wa mai mulki kaifin wuƙar da zai yanka abokan gaba ne kawai. A Muritaniya tsohon shugaba Mohamed Ould Abdel Aziz an yanke mishi shekara 5 a 2023 aka mayar 15 a 2025, wasu na cewa adalci ne wasu na cewa rikicinshi da magajinshi ne, irin wannan shakkun nake gudu.

Tsohon Ma'aikacin Kotu:

Tsoronka a wurinshi yake, kuma shi ne dalilin da ya sa na fi son tsari a rubuce a kan tsanani kawai. A irin shari'ar da muka gada daga Faransa mai shigar da ƙara na gwamnati yana ƙarƙashin ministan shari'a, shi ke zaɓen dosiyen da zai tafi gaba da wanda zai kwanta. Sai a ɗaure hannunshi da doka, duk rahoton da ya fito daga masu binciken kuɗin gwamnati dole cikin wata kaza ko ya kai kotu ko ya rubuta dalilin ƙin kaiwa a buga kowa ya gani, kuma ƙungiyoyin farar hula su samu ikon shigar da ƙara da kansu in ya ƙi. A sa wa shari'ar kanta wa'adi, don tsare mutum shekara uku ba hukunci shi ma zalunci ne ko da ɓarawo ne, kuma da shi ake azabtar da ƴan adawa, a tsare ka ba shari'a har ka durƙusa. Alƙalin da ke riƙe da irin wannan dosiye kada a iya ɗauke shi a jefa wani gari sai ya gama.

Kuma tun 2015 aka kafa sashen alƙalai na musamman kan laifukan kuɗi amma a Yamai yake, kusan kilomita 900 daga nan. Mai shaida daga Gure ko Tanut ko Matamai wa zai biya mishi mota da masauki? Damagaram na da kotun ɗaukaka ƙara, a buɗe reshe nan, abin da aka ci a jihar nan a yi shari'arshi nan mutanen da aka cuta su shiga su zauna su ji. Kuɗin da aka ƙwato kuma a koma da shi kan aikin da aka sace shi daga kai, in na rijiyar wani ƙauye ne a je a haƙa rijiyar, kuma duk wata uku a karanta a rediyo da Hausa da Kanuri da sauran harsunanmu, wane ne, nawa ya ci, shekara nawa aka ba shi, nawa ya shiga baitulmali.

Na Garin Malam:

Baba da Malam na ji kuma na girmama maganarku, ƙwace dukiya da hana muƙami da karantawa a rediyo duk na yarda. Amma kan kuɗin makamai ni har yanzu ban sauka ba, akwai abokin wasana da ya tafi aikin soja bai dawo ba, mahaifiyarshi na nan unguwarmu kullum ina gaishe ta. In ba za a kashe ba to wanda ya ci kuɗin tsaro a rubuta mishi rai da rai, babu afuwa babu fita neman magani waje, in ciwo ya kama shi a kai shi asibitin da ake kai sauran fursunoni.